Boris ɗin da na sayar wa Bitrus

Da damina ta kama bana, shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar abokina Bitrus Dauda. Jama'a kan ce in aka daɗe abubuwa sukan fito fili. Ni dai nawa sai ƙara cuɗewa suke yi, shi ya sa na ga gara in rubuta, ko a cikin masu karatu a dace da wanda ya fi ni sani.

Kayan gyaran babur nake sayarwa a Suleja tun ina da sauran baƙin gashi. Bitrus kuwa mutumin kudancin Kaduna ne, akawu a wani kamfanin gine-gine a Abuja, yana haya a bayan shagona da matarsa da 'yarsu Rahila. Kullum in ya taso aiki a bencina yake yada zango, mu sayi gasasshiyar masara, mu yi ta musun ƙwallo har a kira magariba, ni in tafi masallaci, shi ya zauna ya tsare mini shago.

A tsakiyar shekarun 1990 wani Baturen kamfaninsu da zai koma gida ya sayar masa da babur ɗinsa. Ƙato ne, baƙi, babu irinsa a garin. Baturen ya ce masa yana da wani birki mai suna ABS, wanda ko a kan ruwa ka danne shi taya ba za ta kulle ta ja ka ƙasa ba. Mu duka muka gyaɗa kai. Babu ko ɗaya a cikinmu da ya gane.

Bayan kamar shekara biyu tayar gaba ta fara gurnani. Ɗanlami, bakaniken layinmu, ya kwance ya ce boris ne ya mutu, wato zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya a ciki da taya ke juyawa a kansa. Muka nemi na asali a Suleja, babu. Na aika Kaduna, babu. Sai na auna tsohon, na binciko wani a shagona, faɗi ɗaya, kauri ɗaya, rami ɗaya. Ɗanlami ya buga shi ya zauna daram, gurnani ya ɗauke. Amma da aka tayar da inji, wata 'yar jar fitila a kan mita ta kama, ta ƙi mutuwa.

"Malam Sale, wannan kuma fa?" in ji Bitrus.

Na ce, "Waya ce ta motsa. Boris ƙarfe ne, ina ruwansa da wuta?"

Ɗanlami ya ce shi ma haka yake gani. Bitrus ya hau, ya je ƙarshen layi, ya danna birki, ya kama. Ya dawo yana dariya ya ce Turawa dai ba sa rabo da tsoro.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, da la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, ya tafi Tafa duba wani ɗan cocinsu da ba shi da lafiya. Dab da mahaɗar Diko wata babbar mota ta yanko masa. Ko da labari ya iso mu, na shiga motar haya na je, yana kwance a gefen titi an rufa masa zane, da sauran numfashi. A hanyar asibiti ya cika.

Wata mai sayar da doya da abin ya faru a gabanta ta ce ta ga tayar gaba ta tsaya cak, babur ya zame da shi. Wani direba da ke wurin ya rantse cewa ko birkin bai samu damar taɓawa ba. Kafin hankalina ya dawo in ce a duba babur ɗin, 'yan'uwansa sun ba masu gwangwan shi, masu sayen tsohon ƙarfe. Ɗanlami ya koma Minna, ba mu sake tayar da maganar ba har shi ma ya rasu.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Sai shekaran jiya, a lissafin tsofaffi, wato shekara uku da suka wuce, Emeka maƙwabcin shagona ya ajiye boris biyu a kan teburina ya ce in bambance su. Na juya, na auna, na ce abu ɗaya ne. Ya ɗauko allura ya kara a gefen na farko, ta faɗi. Ya kara a na biyu, ta manne. Ya ce wannan na babur mai ABS ne, akwai maganaɗisu a gefensa, da shi birkin ke sanin gudun taya. In ka sa ɗayan, ko ka juya fuskar wannan, birkin ya makance, jar fitila ta kama. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na tafi har Abuja wurin wani bakaniken manyan babura, na ba shi labari tun daga farko. Ya ce in kwantar da hankalina, baburan wancan lokacin ba a boris suke da wannan abu ba, wani faifai ne mai haƙora a jikin wili. Na fara sauke numfashi, sai ya ƙara da cewa amma wurin bugun boris ana iya gusar da tazarar da ke tsakanin faifan da abin da ke karanta shi. Ya kuma ce ko fitilar ta kama, birki na nan, sai dai ya koma irin na kowa. To irin na kowa a kan jiƙaƙƙen titi fa? Ya ɗaga kafaɗa. Na je da tambaya ɗaya, na dawo da uku.

Nakan yi tunanin me Bitrus zai ce da ya ga yau, da mutum ke duba lambar kaya a waya kafin ya saya. Mutum ne mai son takarda, da ya ji daɗi. Wataƙila kuma ya yi mini dariya, ya ce na tsufa ina tuhumar ƙarfe. Ban sani ba. Har muryarsa ma wani lokaci nakan rasa ko tasa ce nake tunawa ko tawa.

Bara na yi ƙarfin hali na je wurin matarsa a Madalla, inda take zaune da Rahila da jikoki. Na faɗa mata duka. Ta ci gaba da tsince shinkafa, sannan ta kira ni da sunan 'yata ta ce, "Baban Aisha, fitilar nan ai tun da ya sayi mashin ɗin take kamawa tana mutuwa. Ko kuwa wata ce daban? Wallahi na manta." Ta ture tiren gefe. "Abin da ban manta ba, a kan cinyarka ya cika, ba a kan kwalta ba. Ka bar ni da wannan."

Na fito ban san ko an wanke ni ba ne, ko kuwa an yafe mini. Abin da ya rage mini na Bitrus ba shi da yawa: 'yarsa da ke kirana Baba, da wata ɗabi'a da masu sayayya ke ƙorafi a kanta. Duk wanda ya miƙo mini tsohon boris ya ce in ba shi daidai shi, sai na ce ya je ya turo babur ɗin in gani. Wasu su yi tsaki su wuce shagon gaba. Nakan bi su da kallo har su ɓace, ina roƙon Allah ya kai su gida.