Yaya Bai Ce Wash Ba

A gidanmu na Wurno, har gobe idan ana son a tsokane ni, ihun da na yi ranar da tifa ta buge mu ake tunowa. Ban musa ba, na yi ihu, kuma da dukan ƙarfina na yi shi, har makiyaya suka bar shanu suka sheƙo. Abin da ba a so in faɗa shi ne, duk cikin motar nan ni kaɗai ce na yi abin hankali.

Daga suna muke dawowa a Taloka, cikin ƙaramar motar haya da direba ya cusa wa buhunan albasa har but ba ya rufuwa. Ni da yayana muna baya. A gaba kuwa surukin Yaya ne, uban matarsa, wani dattijon Rabah mai farin gemu da sanda, irin mutanen da ko tari za su yi sai sun gyara zama. Tun da muka shiga motar Yaya bai ɗaga kai ba. Mutum ne da a fadama muryarsa ke tsallake gonaki idan yana faɗa da mai injin ban-ruwa, amma a gaban uban matarsa ko ruwa ba ya sha. Haka aka rene mu, sai dai shi ya ɗauki abin ya ƙara masa gishiri.

Mun ɗan bar Goronyo sai direba ya taka birki saboda awaki. Tifar wani kamfanin gyaran hanya da ke bayanmu ba ta da labarin awaki, sai ta dake mu. Da idona na ga kan Yaya ya yi baya, ya dawo ya bugi kujerar direba. Ni gilashi ne ya ɗan yanke ni a goshi, yankan da wuƙar kuɓewa ta sha yi mini wanda ya fi shi. Amma jinin goshi ba shi da kunya, nan da nan ya rufe mini fuska, ni kuma na buɗe maƙogwaro.

Yaya ya fita, ya zagaya ya buɗe wa surukinsa ƙofa, ya durƙusa.

"Baba, lahiya dai?"

"Lahiya lau. Kai hwa?"

"Ko ƙwarzane, Baba."

Don kada a yi shakka, sai ya kama kwashe buhunan albasar da suka zube a titi, yana ɗorawa a kafaɗa yana kaiwa gefe. Ya sa hannu aka tura motar. Samari suka zaro wayoyi suna ɗauka, don yanzu ba a yin haɗari sai da masu hoto.

Can sai ga babban ma'aikacin kamfanin da motarsa. Ya ce duk wanda ya ji ciwo ya shiga a kai shi asibitin Wurno, motarsu tana da inshora, za a ɗauki nauyin komai. Kafin ya rufe baki ina ciki. Na leƙo na ce, "Yaya, taho a duba wuyanka. Na ga yadda kanka yat tahi yad dawo."

Ya watsa mini harara. "Mi za a duba? Ke dai tahi da rakinki."

Dattijon ya gyaɗa kai, alamar ɗiyarsa ta auri namiji. Aka tafi da ni ni kaɗai, aka ɗinke goshin, aka rubuta sunana, aka ba ni kati.

Daga nan 'yan barka da arziki suka fara zuwa. Yaya na zaune a zaure kan tabarma, ana shigowa ana jinjina masa, bidiyonsa da buhu a kafaɗa yana yawo waya zuwa waya har Rimawa. Ni kuwa a cikin gida mata na kwaikwayon ihuna suna riƙe ciki. Wata gwaggonmu ta ce da ta ji labari ta ɗauka kaina ne ya fita. Na ji haushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ba a gama dashen albasa ba wuyan ya fara magana. Idan aka gaishe shi ta gefe, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar mai ɗauke da tulu. Ya ce kwanciya ce. Sai abin ya gangaro kafaɗar dama, ya bi hannu, yatsu suka riƙa yi masa kamar tururuwa na tafiya a ciki. Matarsa ce ta ja ni gefe ta gaya mini cewa fartanya ta suɓuce masa a gona, buta ma ta faɗi yana alwala. Shi bai gaya wa kowa ba. Ya je wurin wanzami aka yi masa ƙaho, ya je wurin maɗori aka ja wuyan har sai da ya kwana a zaune. Duk wannan a ɓoye, saboda mutumin da gari ya gama yi wa kirari ba zai fito ya ce a dawo masa da wash ɗin da bai ce ba.

Da kuka da zagi na ja shi Sakkwato. Aka yi hoto. Likita ya ce ƙashin wuya ya danne jijiya, sai an yi aiki, idan aka ɓata lokaci hannun zai iya shanyewa. Aikin kuwa ya fi ƙarfin gidanmu, ko da an haɗa da albasar bana da ta baɗi. Hannun nan da shi yake noma, da shi yake ciyar da 'ya'yansa da tsohuwarmu. Saura inshora.

A ofishinsu wani saurayi ne mai laktaye da taushin murya. Ya san ni, don shi ya biya ni diyyar goshina ba tare da ko musu ba, har na yi atamfa da ita. Da na gabatar da Yaya, sai ya ce ai sunansa ba ya cikin waɗanda suka ji ciwo ranar. Na ce ciwon daga baya ya fito. Ya ce haka ne, ciwon wuya yakan yi haka, shi ya sa ake so mutum ya je asibiti tun ranar ko da bai ji komai ba. Sannan ya juyo mana da wayarsa. Ga Yaya nan da buhu a kafaɗa, wani na tambayarsa, yana cewa, "Wallahi garau nike." Ya kuma dubi tabon ƙaho a ƙeyar Yaya, ya tambaya cikin ladabi ta yaya kamfani zai san tifa ce ta yi ɓarnar, ba gona ba, ba maɗori ba. Na so in shaƙe shi da laktayen, amma ban sami inda ya yi ƙarya ba.

Ya dai bar mana ƙofa ɗaya. Likitansu zai duba Yaya, kuma mu kawo shaida wanda yake cikin motar, ba ɗan'uwa na jini ba. Direba ya tafi Kudu neman kuɗi. Wanda ya rage shi ne surukin Yaya.

Ranar da za mu wurin likitansu, tun daga Wurno nake roƙon Yaya a hankali. "Don Allah, don darajar Inna, yau guda ka ce wash. In ba ka iyawa, ni in koya maka, ai ka san gwana ta ni." A bakin ɗakin likita na durƙusa na ce wa dattijon ya huta a benci sai an kira shi. Ya ce, "Haba ɗiyata, yaron ga ɗana na. Ba ni barin shi shi kaɗai gaban baƙo." Da zuciya ɗaya ya faɗa, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Likita ya ce Yaya ya ɗaga hannun dama. Hannun da rabonsa da wuce ƙirji an yi watanni. Yaya ya saci kallon surukinsa, ya cije, ya ɗaga shi har sama. Na ga gumi ya tsatso masa a goshi, jijiyar wuyansa na rawa. Likita ya ce ya matse masa yatsu. Ya matse. Ya tambaye shi ko da zafi.

"Kaɗan-kaɗan."

Sai na fashe. "Likita, ƙarya shika yi! Matatai ka sa mai maɓallin riga!"

Dattijon ya ɗaga mini sanda kaɗan. "Ke ɗiya, a bar maza su yi magana." Da aka zo kan shaidarsa kuwa, ya gyara zama ya ba da ita tsakani da Allah. "Ni na gani da idona. Ko uhum bai ce ba. Buhuhuwa yak kwashe shi kaɗai." Yana faɗa yana murmushi, shi a ganinsa ya fitar da surukinsa kunya a gaban likitan birni.

Amsar ba ta daɗe ba. Sun ce abin da hoto ya nuna tsohon lahani ne na ɗaukar kaya, ba nasu ba ne, suna kuma yi masa fatan samun sauƙi.

Bana ƙanenmu ne ya noma fadamar. Yaya ya daina cin abinci a zaure da maza, kullum sai ya ce ya riga ya ci. Kwanan baya na shiga ɗakinsa da rana, na same shi a bayan ƙofa da kwanon tuwo, yana ci da hagu, hannun dama na kwance a cinyarsa, ya rame har zobensa ya zame. Muka kalli juna. Na buɗe baki in yi masifar da na saba, hawaye suka riga ni.

Sai muka ji sallamar dattijon a zaure, ya zo daga Rabah dubiya. Yaya ya tura kwanon ƙarƙashin gado, ya goge yatsunsa. Ya sa hagu ya ɗago hannun daman, ya tallabe shi, ya fita ya durƙusa ya miƙa su duka biyun.

Ina jin dattijon yana cewa da ɗan rakiyarsa, "Ka gani ko? Hannu biyu. Yaran yanzu ina sunka san wanga ladabi?"