Sai Gini Ya Sha Iska

Na yi shekara talatin da biyar ina hana yara wasa a cikin aji. Da na yi ritaya, sai wasan ya biyo ni har gida a cikin kwali.

'Yata ta fari, wadda ke aiki a Abuja, ita ta aiko shi ta hannun wani direban bas da tafiyarsa ta ƙare a Tsafe. Na yi hedimasta a garin shekara tara, saboda haka ɗauko saƙon ya zame mini ziyara. Na gaisa da mutane, na ci tsire a bakin titi, na ɗora kwalin a cinya har Gusau, yana ta ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Dattijon da ke kusa da ni a mota ya tambaye ni ko irin shuka ne. Na ce masa iri ne, sai dai ban san abin da zai tsiro ba.

Da na buɗe a gidana na Damba, sai na ga tubalan roba ne, ƙanana, masu 'yan kumburi a sama da ramuka a ƙasa. In ka danna ɗaya a kan ɗaya sai su kama juna da 'yar ƙara, ƙas. An ƙulla su leda-leda, kowace leda da lambarta, ga kuma littafi mai kauri wanda babu kalma ko ɗaya a cikinsa sai hotuna. A jikin kwalin an zana jirgin ruwa, an kuma rubuta cewa na manya ne. Na kai wa mai ɗakina wannan rubutu a matsayin hujja. Ta ce ai ita ba ta ce komai ba. Gaskiya ne ba ta ce ba; fuskarta ce ta yi jawabin, har da kammalawa.

Haka na shiga gina jirgin ruwa a garin da tekun da ya fi kusa da shi sai an kwana a hanya. Daga hantsi zuwa azahar nake zama a kan tabarma, leda ta ɗaya, sannan ta biyu, shafi bayan shafi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi irin wanda na daɗe ban ji ba. A makaranta babu abin da ke shiga gurbinsa daidai: benci na mutum uku ne yara biyar ke kai, jadawali ya ce lissafi malamin lissafi ya ce jana'iza. A nan kuwa wani mutum a wata duniya ya zauna ya tsara kowane ɗan tubali da mazauninsa, kuma bai yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba. 'Yan majalisarmu ta ƙofar gida suka ga na rage fitowa, suka yanke hukuncin littafi nake rubutawa. Ban ce musu e ba. Ban dai yi gaggawar gyara musu ba.

A cikin waɗannan watanni ne yayana ya faɗi.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara bakwai. Mahaifinmu magini ne a Bungudu, maginin ƙasa. Ni aka kai boko, shi aka ɗora a kan katanga, kuma a kanta ya tsufa. Bulo da siminti sun ƙwace masa yawancin aiki, amma har lokacin in ana son rumbu, ko gyaran tsohon zaure, ko yaɓe kafin damina, shi ake nema. Wata safiya hawan jini ya kayar da shi a tsakar gida. Ƙafa ta dawo. Baki ma ya dawo, har ya fi na da. Hannun dama ne ya ƙi, ya kwanta a kan cinyarsa yatsu a lanƙwashe.

Likita ya faɗa mana a fili: yatsun suna da sauran rai, amma sai an sa su aiki kullum, in aka bar su watannin farko suka wuce za su sandare ke nan. Ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Da muka koma gida Yaya ya ɗauki ƙwallon da hagu ya wurga ta kan soro. Ya ce bai buga ƙwallo yana yaro ba, ba zai fara da furfura ba. Daga nan ya daina fita. Mutumin da ba zai iya miƙa dama a gaisa ba, in ji shi, ba zai iya cin tuwo da dama a gaban mutane ba, zaman zaurensa ya fi masa. Ko masallacin unguwa sai ya bari an tayar da salla ya shiga sahun baya, ana sallamewa ya fice kafin a fara musabaha.

Sai ga kwali na biyu daga Abuja. Wannan karon gida ne, babba, mai bene. Ina ganinsa na ce ga dabara. Na shiga mota zuwa Bungudu da kwalin da kuma darasi a shirye a kaina, gabatarwa da manufa da komai.

"Yaya, ga magani na kawo maka," na ce, bayan mun gaisa. Na zazzage leda ɗaya a gabansa, na yi masa bayanin jijiyoyin yatsa da amfanin motsa su. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da ɗalibaina ba su cika yi ba. Sannan ya ɗauki tubali ɗaya ja, ya juya shi.

"Malam," ya ce, domin haka yake kirana in zai yi mini ba'a, "duk karatun da anka kai ka, wanga shi ne ƙarshensa?"

Na kwashe kayana. Ina fita matarsa, Hajiya, ta biyo ni ƙofar gida. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji tun ina saurayi, kuma ba ta taɓa raga mini ba.

"Kai dai boko ya cinye ka," ta ce. "A gidan nan aka yanke maka cibi. Ka taɓa ganin wani ya shigo ya ce wa Baba ga magani? Mai son gini goro yake kawowa. Ya durƙusa ya ce akwai aiki."

Na tsaya da kwali a hannu kamar wanda aka kora daga aji. Ta karɓi kwalin ta ajiye a ɗakinta, ni na koma Gusau ina bitar darasin da aka koya mini.

Bayan kwana uku na dawo da ƙullin goro a ganye. Na tuɓe takalmi a bakin zaure, na durƙusa, na yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar awaki. Sannan na tura goron gabansa.

"Yaya, fili gare ni. Gini nake so, kuma an ce in ba kai ba babu."

Ya san abin da nake yi, na san ya sani. Ya daɗe yana kallon goron. Can ya ɗauki ɗaya da hagu, ya ɓare shi da haƙori.

"Ina filin?"

Hajiya ta shigo da kwalin. Na zaro faffaɗan farantin roba kore da ake ɗora ginin a kai.

"Fadama kas saya?" ya ce. "To, Allah ya kyauta. Mu ga zanen."

Na buɗe masa littafin. Yana juya shafi yana tsaki. Katanga kaurinta ɗaya daga ƙasa har sama, ya ce wanda ya zana bai taɓa ganin damina ba. Rufi mai tsini da bututun hayaƙi, ya tambaya ko gidan burodi ne. Abin da ya fi ɓata masa rai ƙofar ce.

"Dubi nan. Baƙo na sa ƙafa sai tsakiyar gida, ido cikin ido da uwargida tana tuƙin tuwo. Ina zaure? Wanga gida ba shi da kunya. Rufe littafin."

"Yaya, ai sai da littafin ake..."

"Kai ne magini ko ni?"

Na rufe. Ya sa Hajiya ta kwance ledojin duka ta juye su wuri ɗaya. Ina kallo leda ta ɗaya ta auri ta goma sha biyu, tsarin da wani bawan Allah ya ɓata shekaru yana yi ya rushe a cikin tire ɗaya. Hajiya ta kawo faifai huɗu ta zauna tana tsince su kamar wake, manya gefe, ƙanana gefe. Yaya kuma ya gindaya sharuɗɗa irin na Baba: magini ke faɗa, lebura ke miƙo tubali, furar rana a wuyan mai gini take. Tun da hannunsa ba ya aiki, ni ne leburan, ni ne kuma mai ɗorawa, ni ne mai sayen fura. Ban taɓa riƙe muƙamai uku marasa daraja a lokaci ɗaya ba sai a ranar.

Muka fitar da tushe mai kauri, layi uku a faɗi, yadda katangar za ta riƙa sirancewa in ta yi sama. Muna kai jeri na uku ya ɗaga hagu.

"Ya isa. A bar shi ya sha iska."

Na san abin da yake nufi. Ginin ƙasa ba a yi masa gaggawa. In an ɗora 'yan jeri sai a dakata ya bushe, in ba haka ba na sama ya danne na ƙasa katanga ta zube. Amma na kasa haƙuri.

"Yaya, roba ce fa. Babu ruwa a cikinta."

"Jibi ka dawo," ya ce. "Kar ka manta da fura."

Haka na zama ɗan hanyar Bungudu, kwana biyu a gida, rana ɗaya a wurin aiki, ina fita da hantsi in dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Ginin na tashi, Yaya na ta faɗa, hannun dama kuwa na kwance a cinya bai san ana yi ba. Na fara lissafin watannin da likita ya ambata, na ga sun fi katangar sauri.

Sai muka iso ƙofar zaure. Yaya ya ce ba zai yi ta da kai a miƙe ba, baka zai ɗaura mata, irin lanƙwasar da Baba ke yi. Tubalan nan masu kusurwa ne, ba a yi su don lanƙwasa ba, sai an riƙa turo kowane jeri ciki kaɗan kaɗan daga gefe biyu har su haɗu a sama. Kafin su haɗu kuwa babu abin da ke riƙe su sai hannu. Yaya ya tallafe gefe ɗaya da hagu, ya ce in danna na tsakiya. Na danna, baka ya zube. Muka sake. Ya sake zubewa. A karo na uku wani ɗan tubali ya yi tsalle ya faɗa cikin butar alwala.

"Kai wane irin mutum ne? Danna ƙasa anka ce, ba tura gaba ba! Kau da hannunka."

Na janye. Ya saki ginin, ya kama wuyan hannunsa na dama da hagu, ya ɗago shi kamar kayan wani da aka ba shi ajiya, ya ɗora a kan bakan. Ya ce in jera, in riƙe gefe biyun. Ya sa babban yatsa a kan tubalin tsakiya. Yatsan ya zame. Ya mayar. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo a goshinsa, ni kuwa na kafa ido a kan tabarma kamar an rubuta wani abu a jikinta.

Ƙas.

Hajiya, wadda ta iso bakin ƙofa da ƙwaryar fura, ta juya da sauri ta ce ta manta ludayi. Ludayin yana cikin ƙwaryar, ina ganin kansa.

"Miƙo," in ji Yaya.

Na miƙa. Ya ɗora huɗu da yatsan nan, kowanne ya ci lokacin da za a karanta shafi guda. Bayan na huɗun ya mayar da hannun kan gwiwa.

"A bar shi ya sha iska."

Na buɗe baki in ce saura biyu kacal jerin ya cika. Sai idona ya faɗa kan hannun, ya gaji tilis a kan gwiwarsa, yatsun na buɗewa suna rufewa da kansu. Na kai bayan yatsana jikin katangar robar, na taɓa ta yadda na sha ganin Baba na yi.

"Gaskiya da ɗan danshi," na ce.

"Ka fara koyo," ya ce.

Ginin ya ci mu wata biyu da 'yan kwanaki. Tun daga bakan nan aka rage mini muƙami, na koma lebura zalla, kuma jerin da ake ɗorawa kafin gini ya nemi iska ya riƙa ƙaruwa, daga biyu zuwa biyar zuwa takwas. Aka yi zaure, aka yi tsakar gida, aka yi rufin soro da indararo biyu na zubar ruwa, har da rumbu a kusurwa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Bututun hayaƙi da tagogin bene suka yi saura a faifai. Na aika wa 'yata hoto a waya. Ta ce, "Baba, ba haka yake a jikin kwali ba." Na ce mata na kwalin ba shi da kunya.

Yaya bai koma kan katanga ba, kuma ba na jin zai koma. Ɗan ƙaramin yatsan har yau a lanƙwashe yake. Amma ranar da muka ɗora tubalin ƙarshe, da na tashi tafiya, sai na ga ya jawo takalminsa. Ya rako ni har bakin titi inda ake tsayar da motocin Gusau, ta gaban masu shayi da teburin mai nama, duk ana ta yi masa barka da fitowa. Da mota ta tsaya ya miƙo mini hannu. Na dama. Riƙon ba ƙarfi, amma kaushin nan na shekara hamsin yana nan inda yake.

Ya riƙe nawa ya juya shi yana dubawa.

"Malam, hannunka laushi kamar na mai jego," ya ce. "Ashe alli bai yi maka komai ba."

Direba ya yi oda sau biyu kafin Yaya ya sake ni.