Kan Takarda a Saman Talabijin

Shekara talatin Injiniya yana gyaran talabijin a shagonsa mai ƙofa ɗaya. Bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. 'Yan layi ne suka naɗa shi, shi kuma bai musa ba. A kan wayoyi hannunsa na da albarka. A kan kyamara kuwa, sai dai a yi shiru.

Sau ɗaya tak ya taɓa ɗaukar matarsa a bidiyo. Wani ne ya kawo kyamara gyara, ya tafi da ita gida gwaji, ya saita ta a kan baiwar Allah tana ninke wanki. Daƙiƙa arba'in, kuma duka daga wuya zuwa ƙasa, domin gwanin naku ya yanke mata kai. Sai hannuwa, da zane mai ɗigo-ɗigo, da murya a ƙarshe: "Malam, kashe abin nan ka zo ka ci abinci."

Tana raye, abin tsokanar gidan ke nan. Da ta rasu, bidiyon nan kaɗai ya rage masa da take motsi a ciki.

Bayan shekara biyu wani abu ya fara cin sa, bai gaya wa kowa ba. In muryar ta zo masa, fuskar ba ta biyo ta. In ya ɗauko hoto, hoton ba ya magana. So yake ya gan su tare, ko sau ɗaya.

Ya jawo wata tsohuwar talabijin da mai ita ya manta da ita, ya kunna bidiyon a cikinta. Ya kai hoton katin shaidarta aka ƙara masa girma, ya yanko kan da almakashinta, ya manna a kwali, ya kafa a saman akwatin, ya yafa masa ɗankwalinta.

Yana cikin haka autarsa ta zo ganin gida daga garin aurenta. Ta tsaya a bakin shago.

"Baba, ka san irin wannan ake kaiwa ɗakin nune-nune? Bidiyo da takarda da tsumma. Fasaha ake ce masa yanzu."

"Tsumma? Ɗankwalin uwarki ne, marar kunya."

"To ai kan yana gabas, jikin yana yamma."

Gaskiyarta. Jikin na kai da kawowa tsakanin kwando da tabarma, kan kuwa na tsaye ƙiƙam, fuska a ɗaure irin ta hoton hukuma.

Auta ta koma washegari, shagon ya sake yin tsit. Kwana shida Injiniya yana matsar da kwali, yana sa alama da fensir, yana mayar da bidiyon baya. Masu kawo gyara suka gaji da sallama.

Ran na bakwai da hantsi ya dace. Can wajen ƙarshe, inda ta dakata ta riƙe ƙugu, wuyan ya shigo daidai ƙarƙashin haɓar. Fuskar nan a ɗaure ta dube shi.

"Malam, kashe abin nan ka zo ka ci abinci."

Daƙiƙa biyu, jikin ya wuce ya bar kan.

Injiniya ya tsayar da bidiyon. Sannan ya goge ido da tsumman aiki, har ya shafa wa kansa baƙi a kumatu.

"To, na ji," ya ce.

Ya kashe, ya jawo kwanonsa da ya huce tun safe, ya buɗe.