Malam Lukuman na Durun da Sunan da Bai Shiga Mujalla Ba

Kafin ƙarfe bakwai na safe, masu shayin bakin titin Gwarzo sun riga sun ga wucewar Malam Lukuman a kan tsohon babur ɗinsa. Tun daga Durun ta ƙasar Kabo yake tasowa, hula zaune daram, 'yar jakarsa ɗaure a baya. Shekara talatin da biyar ke nan yana bin wannan hanya, rani da damina. Ba malamin aji ba ne, kodayake kowa Malam yake ce masa. Shi ne ma'aikacin ɗakin gwajin kimiyya na wata makarantar sakandare da ke gefen gari: mai riƙe da makulli, mai wanke kwalabe, mai auna sinadarai kafin ɗalibai su shigo su yi ta ɓari.

Yana isa sai ya buɗe tagogi, ya naɗe hannun riga, ya hau wanki. Kowace kwalba sau uku take shan wanka a hannunsa, da sabulu, da ruwan rijiya, sannan da tataccen ruwan da shi da kansa yake dafawa ya tari tururinsa. Sababbin malamai kan tsokane shi su ce, "Malam, amarya za a ba ruwa a ciki ne?" Shi kuwa ko ɗagowa ba ya yi, sai ya ce, "Kwalba mai dauɗa ƙarya take yi, kuma ku za a ce kun yi ta."

Ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. An yi 'yar walima, an zuba jawabai, an ba shi kyautar agogon bango, mutumin da bai taɓa makara ba. Ni dai na ga wannan bai wadatar ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Malam Ja'afar, wanda ya koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar shekara goma sha tara, ya ba ni labarin wata shekara da aka wayi gari ranar jarrabawar gwaji, sai ga shi ruwan da ake ɗigawa a gane asid ya lalace. Ɗalibai tamanin na tsaye a bakin ƙofa, shugaban makaranta sai sharce gumi yake yi. Malam Lukuman ya aika kasuwa aka sayo zoɓo, ya jiƙa, ya tace, ya gwada a gaban mai sa ido daga birni har mutumin ya gamsu ya sa hannu. Yaran nan ba su san irin ramin da suka tsallake ba sai bayan shekaru.

Akwai kuma ranar da asid ya zube wa wata ɗaliba 'yar garin Kara a bayan hannu, mai suna Zinnira. Ɗaki ya rikice, wannan na cewa a kawo manja, wancan na cewa a fasa ƙwai. Malam Lukuman ya daka tsawa ya ce, "A'a!" Ya kama hannun ya tara a bakin bokiti yana kwarara ruwa, minti ashirin cur, yarinya na kuka, malamai na ganin ya cika taurin kai. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce ruwan nan ne ya ceci hannun. Tun daga ranar Zinnira ta riƙe abu ɗaya a ranta: in Baba Lukuman ya ce a'a, to magana ta ƙare.

Ku riƙe wannan, domin daga nan ne ciwon ya faro.

Zinnira ta wuce jami'a a Kano, karatu ya karɓe ta, har ta kai ga neman digirin dakta. Bincikenta a kan wasu ƙwayoyin azurfa ne ƙanana ƙwarai, waɗanda masana ke kira nano. Ko dubu aka jera daga cikinsu, ba su kai kaurin gashin kai guda ba, amma suna kashe ƙwayoyin cuta a cikin ruwa. Tana son ta samar da su da ruwan bagaruwa maimakon sinadarai masu tsada da guba. Wata takwas tana fama. In ta haɗa, maimakon ruwan ya koma ja garau kamar shayi, sai ya dagule ya yi gudaji. A damanar 2013 ta zo gida hutu, ta biya ta gaishe da Malam Lukuman, ta faɗa masa damuwarta don dai ta sauke nauyin zuciya.

Ya tambaye ta, "A ina kike samun bagaruwar?"

Ta ce, "A kasuwa, Baba."

Ya girgiza kai. "Wadda ta sha rana a kan tabarma? Ai ƙarfinta ya gudu tun kafin ki saya."

Abin da Zinnira ba ta sani ba shi ne, mahaifin Malam Lukuman, marigayi Altine, majemi ne. Da bagaruwa ya yi ta jeme fata har ƙarshen rayuwarsa, kuma ɗansa ya tashi yana ganin yadda yake tsinko ta kafin ta gama bushewa a bishiya, ya shanya a inuwar zaure kwana tara, ya jiƙa da ruwa mai ɗumi wanda bai tafasa ba. Malam Lukuman bai tsaya a kan "haka Baba yake yi" ba. Ya sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ya yi gwaji arba'in da ɗaya a ɗakin nan bayan an tashi daga makaranta, yana sauya kwanakin shanya da ɗumin ruwa, yana rubuta komai da ɗan siririn rubutunsa. A gwaji na talatin da shida ruwa ya yi ja garau. Biyar ɗin da suka biyo baya don ya tabbatar ba dace ba ne.

Da aiki ya kammala, Zinnira ta zo har Durun, ta durƙusa ta ce, "Baba, za mu tura binciken nan wata mujallar kimiyya a ƙasar waje. Ina so in sa sunanka cikin waɗanda suka yi aikin."

Abin da Malam Lukuman bai taɓa mafarki ba ne ya zo har zaurensa. Amma shi mutumin da ne, kuma a tarbiyyar da ya samu ba a cafke alheri tun daga tayin farko, sai an ja, an sake tayi, an nace. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, haba 'yata, ni wa? Mai wankin kwalba a cikin malaman jami'a? Bar shi kawai."

Ya zauna yana jiran tayi na biyu.

Ita kuwa ta ji a'ar nan da ta sani tun tana 'yar makaranta. A ganinta, ja-in-ja da shi rashin kunya ne. Ta ce, "To Baba, yadda ka ce. Allah ya saka da alheri." Ta yi sallama ta tafi. Shi ya ƙi don kunya, ita ta bari don ladabi, kuma babu wanda ya yi wa wani laifi. Wannan ne ya fi ci mini rai a cikin labarin.

Takarda ta fito a shekarar da ta biyo baya, a wata mujallar sinadarai da ƙwayoyin nano wadda a lokacin ba ta yi wani suna ba. A duniyar masu bincike, ana auna darajar aiki ne da yawan waɗanda suka kafa hujja da shi suka ambace shi a nasu rubutun, ita ma mujalla da wannan awon ake ɗaga ta ko a sauke ta. Malam Ja'afar ne ya nuna wa Malam Lukuman shafin da ake ganin adadin a waya, ya yi masa bayani. Malam Lukuman ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe su ma suna da isnadi. Wane ya ji daga wane."

Daga nan ya samu sabon aiki. Duk Litinin, in ya gama wanki, sai ya fita gindin darbejiyar da waya ta fi kamawa ya duba. Ya ga lamba ta tashi daga tara zuwa sittin, ta haura ɗari biyu, bara ta wuce ɗari huɗu. Mutanen Indiya, da Masar, da Turkiyya, da Barazil, duk suna shanya 'ya'yan itace a inuwa kwana tara suna cewa daga takardar Kano suka koya. Mujallar ma ta yi tashe, ta taɓa lissafa aikin cikin waɗanda suka fi jawo mata ambato. Yana murna, wallahi yana murna, ya kira Zinnira ya ce, "Dakta, an ƙara bakwai!" Amma in ya kashe wayar sai ya daɗe a tsaye. A kan takardar sunaye huɗu ne, har da na wani farfesa da bai taɓa riƙe bagaruwa ba. Ba yabo yake kwaɗayi ba. Abin da ke nuƙurƙusarsa shi ne, ilimin Altine ya zaga duniya, amma sarƙar ta tsinke kafin ta iso Durun. Da sunansa ya shiga, da na mahaifinsa ya shiga tare da shi. Shekara goma sha ɗaya bai furta wa kowa wannan ba.

Amma matar mutum ba ta buƙatar a furta mata. Wata uku kafin ritayarsa, Dakta Zinnira ta je gidansa gaishe shi ba ta same shi ba, sai uwargidansa Marka tana gyaran wake. Bayan an gaisa, an tambayi gida da yara da aiki, Marka ta ajiye faifai ta ce, "Ni kuwa 'yar nan, ranar da kika zo da maganar sa sunan Malam, sau nawa kika tambaye shi?"

"Sau ɗaya, Inna. Ya ce ba ya so."

Marka ta tafa hannu. "Sau ɗaya! Mutumin da ko tuwon gidansa sai na ce bismillah sau uku yake sa hannu? Ranar nan har magariba yana leƙen hanya ko za ki dawo."

Zinnira ta ce sai hawaye suka zubo mata.

Ba ta gaya masa ba. Ta so ta gyara ɓarnar a ɓoye ta kawo masa a ranar walima. Ta rubuta wa editocin mujallar ta roƙi a ƙara suna, suka amsa cikin ladabi cewa bayan shekaru haka ba a taɓa jerin marubuta. Ba ta haƙura ba. Ta tuna gwaje-gwajen nan arba'in da ɗaya ba a taɓa buga su dalla-dalla ba, ta aika musu taƙaitaccen bayani tana tambaya ko za su karɓi sabon aiki a kai. Amsa ta zo cikin kwana huɗu: mujallar ta sauya fagen da take karɓar bincike, yanzu ta koma kan kayan batir da na tara hasken rana, ta daina ɗaukar ayyukan ruwan ganye da 'ya'yan itace. Gidan da bagaruwar Durun ta taya ginawa ya yi girma, har ya daina buɗe wa bagaruwa ƙofa.

Ranar walima, da jama'a suka watse, ta same shi a ɗakin gwajin yana jera makullai don miƙawa. Ta durƙusa kamar wancan karon, ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya saurara har ta gama. Ya ce, "Marka ce ko?" Ta ce ita ce. Ya ɗan yi murmushi ya kawar da kai wajen taga.

Ta ce, "Baba, waccan ta wuce mu. Amma akwai wata mujallar, ƙarama ce, ban san ko za su karɓa ba. Ina so in roƙe ka, in ka yarda, sunanka ya zama na far..."

Bai bari ta ƙarasa ba. "Na yarda," in ji shi. "Ki rubuta Lukuman Altine. Altinen nan kada ya faɗi a hanya."

An tura takardar. Har yau da nake wannan rubutu ba a ji amsa ba, kuma mai yiwuwa ne su ma su ce a'a.

Malam Lukuman, kai ne ka wanke kwalaben da likitoci da injiniyoyin ƙasar Gwarzo da Kabo suka fara koyon awo da su. Kai ne ka ɗauko abin da ka gani a zauren majemi ka bi shi da gwaji har ya zama hujja a hannun mutanen da ba su san Durun tana duniya ba. Na Marka, mai hannun tsabta, mun gode. Allah ya ba ka lafiyar cin moriyar hutunka, ya jiƙan Altine, ya sa ka ga abin da kake jira da idonka.

Ku kuma da kuke da irinsa a makarantunku da asibitocinku da ofisoshinku, ku koyi aiki irin nasa, amma ku koyi wani abu daga kuskuren Dakta Zinnira. In kun kai wa dattijo haƙƙinsa ya ce a'a, kada ku yi saurin tashi. Ku sake tambaya, ku kuma sakewa, domin wani yana nan zaune shekara goma sha ɗaya yana jiran a tambaye shi karo na biyu.