Sunan Hular Ajimi

Ni wankin hula nake yi a Bulabulin, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan muna rumfa ɗaya da Ajimi. Shi yana ɗinki, ni ina wanki. Sunana Ridwan. Iyayena Kanawa ne, a nan Maiduguri aka haife ni, bakin nan nawa kuwa gado ne, ba na iya ganin abu in kau da kai. Ajimi kam sai ya wuni bai ce uffan ba in ban da gaisuwa. In ka ce masa wushe, gaisuwar Barebari, ya ce wushe, ya mayar da ido kan allurarsa. Na sha tsokanarsa cewa da magana kuɗi ce da tuni ya gina bene a GRA saboda tsabar ajiya.

Daga Bama ya zo, shekarar da garin ya watse. A ƙafa suka shigo shi da mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke kira Hajja. Mahaifinsa, wanda ake kira Ba Sa'id, bai fito ba, can aka binne shi. Abin da Ajimi ya tsira da shi daga gidansu kaf hula ce guda ɗaya ta mahaifinsa, ita ma don tana kansa ne lokacin da aka ce a gudu.

To, kan hular nan labarin yake. A sana'arsu kowane zane da sunansa, kuma wanda ya fara zana shi ne yake raɗa masa suna, kamar yadda uba ke raɗa wa ɗa. Ba Sa'id ya fitar da wannan zanen ne yana ango. Ya dubi kitson da aka yi wa amaryarsa, layi uku da suka taso daga ƙeya suka haɗu a goshi, ya kwashe shi tsaf ya zuba a kan hula da zare kore mai duhu da ruwan ƙasa. Ya sa wa zanen suna Kaltum, sunan amaryar. Wato sunan Hajja na yanka.

Ajimi yana ɗinka kowace irin hula aka kawo masa, amma wannan ba ya yin fiye da uku ko huɗu a shekara, kowace tana cin masa wata guda. Ba kuma kowa yake sayar wa ba. Sai ya nutsu da mutum, sannan in zai miƙa masa sai ya rage murya ya ce, "Sunanta Kaltum." Iyakar abin da yake faɗa ke nan. Ni kaina sai da muka shekara huɗu tare kafin na san wace ce Kaltum ɗin, don ɗan mutunci a garin nan ba ya kama sunan uwarsa a bainar jama'a. Da bakinsa "Ya" kawai yake ce mata.

Ana haka lokacin zaɓe ya ƙarato, sai ga Mahfuz. Mahfuz matashi ne, ya gama jami'a ya zauna a Mairi bai sami aiki ba, sai ya zama mai kula da shafukan wani ɗan takarar majalisa a Facebook da TikTok. Wayoyi biyu yake yawo da su. Wanki ya kawo mini, idonsa ya faɗa kan wata Kaltum da Ajimi ya gama, tana kan katakon da muke kifa hula tana shan iska. Ya yi ta zuwa yana gaisuwa har da durƙuso, yana "Baba" sama "Baba" ƙasa, har Ajimi ya sayar masa. A gabana ya gaya masa sunanta. Mahfuz ya ce to, yana latsa waya.

Bayan sati biyu sai ga hular a kan maigidansa, Honarabul, ranar da ya fito neman ƙuri'a. Taken tafiyarsu "Mun Iso", sai Mahfuz ya ɗora hoton ya rubuta a ƙasa, "Hular Mun Iso ta iso." Washegari ya dawo rumfa ya ce zai ɗauki hannun Baba yana aiki, don duniya ta san masu sana'a. Da ya gama ɗaukar hannu sai ya ɗaga wayar zuwa fuska ya ce, "Baba, ɗan ce mana mun iso." Ajimi ya kalle ni. Ni kuwa dariya nake yi, Allah ya yafe mini. Kunya ta hana shi gwale baƙo, ya faɗa a hankali, ya sunkuyar da kai.

Magana zarar bunu. Kafin Juma'a bidiyon ya zaga gari. Ajimi ƙaramar waya gare shi mai madannai, irin wadda muke kira rakani-kashi, bai ma san me ake ciki ba sai da masu Keke Napep suka fara rage gudu a bakin rumfarmu suna ɗaga masa hannu, "Baba Mun Iso." Magoya baya suka yi ta tururuwa, kowa Mun Iso yake so, kuma gobe yake so. Da suka ga hannu ɗaya ba zai wadatar ba, wasu suka ɗauki hoton suka kai inda ake bugawa da inji, sai ga ta jibge a kasuwa, zaren yana ƙyalli kamar ledar alewa. Wallahi ranar da aka fara kawo mini irin waɗannan wanki sai da na ji kamar in watsa su a kwata.

Magoya bayan ɗaya ɗan takarar kuma suka ɗauke ƙafa. Akwai wani dattijo da ya shekara takwas yana kawo wa Ajimi ɗinki, ya zo ya karɓi hularsa ba a gama ba, ya ce shi ba zai sa abin da ya fito daga hannun ɗan kamfen ba. Ajimi da ko katin zaɓensa bai san inda ya ajiye ba.

Duk wannan bai dame shi kamar sunan ba. Duk wanda ya zo ya ce Mun Iso, sai ya gyara masa a hankali, "Kaltum." Wa ke ji? Mutum ɗaya a rumfa yana gyara, dubbai a waya suna ɓatawa. Wata rana da azahar ya ajiye allura, abin da ba ya yi sai in salla ta kira, ya ce mini, "Malam Ridwan, gida ya tafi, gona ta tafi, kabarin mahaifina ma ban san ko zan gane shi ba. Wannan kaɗai na fito da shi."

A nan ne na yi wautar da har gobe take cina. Raina ya ɓaci, na ce, "Ya Ajimi, da waya suka ƙwace, da waya za mu ƙwato. Zauna in ɗauke ka, ka gaya wa duniya gaskiya." Ya ce a'a. Na matsa. Kwana uku ina yi masa famfo, ina ce masa shiru ba ya maganin ɓarawo, har ya yarda. Ya sa ainihin hular mahaifinsa, wadda ya fito da ita, ya zauna a kan tabarma ya ba da labari da Hausarsa mai gardin Barebari. Ya ce shi ba ya bayan kowa. Ya faɗi Bama, ya faɗi Ba Sa'id, ya faɗi kitson amarya. Sannan ya ce, "Sunan hular nan Kaltum, sunan mahaifiyata ne, tana nan da ranta." Ni na san nauyin abin da ya faɗa, amma ban tsayar da ɗaukar ba. Na ɗora a shafina ina jin kaina kamar wani lauya.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. 'Yan ɗaya ɓangaren suka yanko inda ya ce ba ya bayan kowa, suka rubuta, "Mai hular ma ya gudu ya bar su." Mutanen Honarabul suka ce an saye shi, butulu ne, su suka fito da shi daga duhu. Kuma da yake mun miƙa musu sunan da hannunmu, da shi suka yi ta dukansa. Ɗan Kaltum kaza, Kaltum ta haifi kaza. Wani ɗan banza ya ɗauko hoton wata tsohuwa da ba a san ko wace ce ba, ya ɗora mata hular a ka, ya haɗa da kiɗa. Tsohuwar da ta yi tafiyar kwana biyu a daji da ƙafa, wadda ko maƙwabta ba su taɓa kama sunanta ba, sai ga yara suna rera shi a bakin famfo. Na goge bidiyon daga shafina, amma ina amfani, ya riga ya shiga wayoyin da ban san adadinsu ba.

Ajimi bai zarge ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abu ɗaya ya roƙi matan gidan da suke haya, kada wadda ta kunna waya kusa da Hajja.

Sai ga Mahfuz ya dawo, fuska a kwance, wai shi ma abin ya fi ƙarfinsa. Na tashi zan ci kwalarsa, Ajimi ya riƙe mini riga. Mahfuz ya ce, "Baba, ni ba ni na sa su ba, kuma ko ni na ce su bari ba za su bari ba, sai sun ga ka dawo. Ka yi wani gajere, ka ce rashin fahimta ne. In namu suka yi shiru, waɗancan ma za su gaji."

Na ce, "Wato ya ƙaryata ubansa ke nan."

Mahfuz ya ce, "Malam, kai ka kawo mu nan."

Gaskiya ya faɗa. Gaba kura, baya sayaki. In Ajimi ya tsaya kan sunan, uwarsa za a ci gaba da ja a titi. In yana so a sakar masa uwa, sai ya saki sunan. Ajimi ya ce wa Mahfuz ya ɗauka. Ya riƙe hular da hannu biyu ya ce, "Sunanta Mun Iso. A yi haƙuri." Aka yi masa tafi a waya, aka ce Baba ya dawo gida. Cikin sati guda suka manta da Hajja suka koma kan wani.

An yi zaɓe, Honarabul ya faɗi, har ya sauya jam'iyya ya sauya hula. Mahfuz yanzu tallan shadda yake yi a TikTok. Amma sunan ya zauna daram. Bidiyo ukun nan kuma ba sa mutuwa, duk bayan 'yan watanni sai wani ya tono ɗaya ya sake ɗorawa, a sake sabon zagaye. Ajimi ya yi tunanin komawa wata unguwa, na ce masa wace unguwa ce babu waya. Ya daina ɗinka zanen gaba ɗaya. Wanda ya zo nema sai ya ce masa zaren ya ƙare.

Bara da damina Hajja ta rasu. Ko ta taɓa jin abin da ya faru, Allah masani, ba ta nuna ba. Bayan an dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Ajimi ya shiga ciki ya fito sanye da hular Ba Sa'id. Ni na wanke masa ita da hannuna tun Hajja tana jinya, na san dalilin da ya sa ya ajiye ta kusa. Kitson uwarsa ne a kansa, ɗinkin ubansa, ranar da ya rage shi kaɗai. Na zauna gefensa ana ta karɓar gaisuwa.

Can wajen la'asar wasu mutum biyu suka zo, abokan aikin wani maƙwabci. Suka yi addu'a yadda ya kamata, suka shafa. Da za su tashi sai ɗayan ya ƙura wa hular ido, fuskarsa ta washe, ya ce, "Af, ashe Baba Mun Iso ne. Har yau ana tare ke nan." Ba da mugunta ya faɗa ba, shi a ganinsa yabo ne. Ya zaro waya ya matso yana neman su yi hoto.

Na yunƙura, Ajimi ya dafa mini gwiwa. Ya sa hannu ya cire hular ya kife ta a cinyarsa, ya rufe da hannun riga. Dattijo mai furfura, a zaman makokin uwarsa, kai ba hula a gaban manyan unguwa. Na cire tawa na ɗora masa, ni na ƙarasa zaman da kai a buɗe, kuma ban ji kunya ba, baƙin ciki ne ya cika ni.

Bayan sadakar bakwai ya kawo mini hular ya ce in wanke. Na wanke, na sa sitaci, na ɗora ta a kan katako. Yau wata goma sha ɗaya bai karɓa ba, ni ma ban tuna masa ba. Tana nan a saman kantar bayan rumfa, ina kakkaɓe ta duk safiya. Kusan kullum sai wani ya hango ta ya tambaya nawa Mun Iso ɗin can. Shekaranjiya ma wani ya tambaya, bakina ya buɗe zan gaya masa sunanta na gaskiya. Ajimi ya ɗago ya kalle ni, ya girgiza kai sau ɗaya. Na ce wa mutumin ta mai ita ce, ba ta sayarwa ba ce.