Takin Gidanmu da Lambun Baba Badamasi

Duk wanda ya tashi a layinmu a Hadejia ya san zuwan Baba Badamasi tun kafin ya shawo kwana. Ƙararrawar kekensa ta lalace tun ina firamare, sarkar ce ke yi masa shela, ƙiii-ƙiii, kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Da an ji ta, Iya mahaifiyata za ta ce, "Adila, ɗauko tire, mai lambu ya iso."

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Auyo, dogo, siriri, maganarsa ba ta da yawa. Lambunsa yana bakin kogi, inda ruwa ke kwanciya da damina, ya janye da kaka. Daga lokacin da kayan lambu suka nuna har zuwa faɗuwar ruwan farko, sau biyu a mako yake shigowa gari da kwanduna biyu a bayan keke. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya talla. Gidajensa ashirin da uku ne, su yake bi soro-soro.

Kuma ba a zaɓe a kwandon Baba. Abin da ƙasa ta bayar ran nan shi za ku ci. Tumatirinsa, tsakani da Allah, ba shi da kyan gani: ƙanana, wani a tsage, wani a karkace. Amma guda biyar sun ishi tukunya, ƙamshin miya har maƙwabta. Alayyafonsa kuwa duk huji. Na taɓa yi masa tsiya a kai, ya dube ni ya ce, "'Yar nan, ganyen da tsutsa ta ƙi ci, ke ma kada ki ci."

Bai taɓa zuba takin zamani ba, bai taɓa feshi ba. Ga yadda yake yi. Kowane gida cikin gidajen nan yana tara masa kashin awaki da na kaji da tokar murhu a wani lungu. Idan ruwa ya fara janyewa sai ya zo da buhuna ya kwashe, kuma ba ya haɗa na wani gida da na wani. Kowane gida da fangalinsa a lambun, wato 'yar gonar da aka kewaye da kunya don ta riƙe ruwa. Takinku a fangalinku za a zuba, tokarku a kan ganyenku za a barbaɗa don ƙwari, abin da ya fito kuma ku za a kawo wa. Har sani yake idan gida ya shiga wani hali. Shekarar da mahaifinmu ya rasu, da Baba ya ɗaga buhun tokarmu ya ji ba nauyi, sai ya tsaya a soro ya ce, "Iya, a riƙa hura wuta. Yaran nan ba su yi laifin komai ba."

Sai zamani ya fara cin gidajen ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya sayi gas, wancan ya sayar da awaki don wai suna ɓata gida, wasu suka koma Dutse. Aka buɗe wani babban kanti a bakin titi, mai sanyi kamar cikin randa, tumatir a jere cikin leda, duk girmansu ɗaya. Gidan da ya daina ba da taki, sai Baba ya bar fangalinsa ciyawa ta cinye. A ƙarshe saura gida ɗaya, namu. Tsohon nan ya ci gaba da tako keke tun daga bayan Auyo saboda miyar Iya kaɗai.

To, ni ce na ɓata. Ni, da hannuna, da kyakkyawar niyyata.

Ina aikin jinya a Kano. Na zo hutu da damina na tarar idon Iya yana ta hawaye saboda hayaƙi, gwiwarta kuma ta kumbura wajen bin awaki. Raina ya ɓaci. Na ce ina amfanin aikina idan uwata tana fama da itace kamar ba ta haifa ba? Cikin mako biyu na sa an shafe tsakar gida da siminti, na kawo gas, na sa an kai awakin nan huɗu kasuwa. Tarin takin da ke lungu kuwa, na kira masu kura suka kwashe shi aka zubar a bola. Iya tana ta cewa, "Adila, a bar lungun nan," ni kuma ina cewa, "Haba Iya, ƙazanta ce fa!" Wallahi ko sau ɗaya Baba Badamasi bai faɗo mini a rai ba.

Har kantin na kai ta, ina ta rawar jiki. Ta ɗauki ledar tumatir ta shinshina, ba ta ji komai ba. Ta juya wajen yarinyar da ke tsaron wurin ta ce, "'Yata, wa ya noma wannan?" Yarinyar ta yi dariya, ta ce daga mota ake sauke musu. Muka dawo gida muka yi miya. Ga ja kamar me, amma a baki salam, sai ka ce an wanke tukunya.

Da ruwa ya fara janyewa na sake zuwa gida, ran nan kuwa muka ji sarkar keke. Iya ta shige ɗaki ta ce, "Ke kika yi, ke za ki fita."

Na same shi a soro da buhuna uku a naɗe a hammata. Muka gaisa. Ya leƙa ta ƙofa, ya ga siminti fes, ba akuya, ba murhu, ba komai a lungu. Ya daɗe yana kallo.

"Masha Allah," in ji shi. "Gida ya yi kyau."

Kunya ta sa bakina ya yi ta zuba. Na ce zan sayo masa takin zamani buhu biyu. Da na ga fuskarsa, na yi maza na ce to ko na shanu, ai ga rugage nan ko'ina.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Taki ba ya wuya a ƙasar makiyaya, 'yar nan. Ba rashinsa ne ke kawo ni ba." Ya ɗaure buhunan a bayan keke. "Ki gaida Iya."

Ranin nan bai zo ba. Iya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Sai dai duk keken da ya wuce a layi, sai ta dakata da abin da take yi.

Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na sayo awaki biyu, na sa aka fasa simintin lungun, na mayar mata da murhu ɗaya. Shekara guda muna tarawa. Da damina ta ja baya na cika buhu, na hau acaɓa zuwa Auyo, daga nan kwalekwale ya tsallakar da ni.

Lambun ya zama gonar shinkafa, ɗan ƙaninsa ke nomawa. Baba yana zaune a gindin tsamiya, ya rame, amma da ganina ya gane ni. Na ajiye buhun a gabansa, na durƙusa na ce, "Baba, daga gidan Iya."

Ya kwance bakin buhun, ya dumbuza, ya murza a tafin hannu, ya kai hanci. Fuskarsa ta saki.

"Ya yi kyau," ya ce. "Dusa kuke ba su da harawa. Ya yi kyau ƙwarai."

"To Baba, ko fangali ɗaya ne."

Ya kakkaɓe hannunsa a hankali. "Irin tumatirin nan daga hannun mahaifina na karɓe shi. Kowace shekara nakan ware mafi kyau in matse, in shanya. Bara ban ware ba, 'yar nan. Wa zan ware wa?"

Na tambaye shi ko akwai wani mai irin a ƙauyen. Ya ce kowa irin shuka na gwangwani yake saye yanzu.

Na dawo gida bayan la'asar. Iya tana bakin murhu, ba ta ko bari na zauna ba.

"Kin same shi? Yaushe zai fara zuwa?"

Na ce, "Ya ce sai ruwa ya gama janyewa."

Ruwa ya gama janyewa tun watanni uku da suka wuce. Iya ba ta sake tambayata ba, ni ma har yau na kasa faɗa mata.