Bokitin Hoge

Shekarar da aka ba ni gida a kwatas ɗin ma'aikata na Boɗinga, kaina ya fi ƙarfin hulata. Zamanin farar hula ne, ina akawu a sakatariya. Ga ɗaki uku shafe da siminti, ga bayi irin na Turawa, wanda za ka zauna a kai ka ja igiya ruwa ya tafi da komai. Ban yi wata biyu ba na tafi Mandera, can wajen Shagari, na ce sai Baba ya dawo wurina. Inna ta rasu, idanunsa sun fara hazo, to zaman me yake yi?

Ya zo da buta, da buzu, da akwatin katako guda. A cikin akwatin akwai Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa, da ka, shekara da shekaru yana yi tsakanin girbi da shuka. Wannan guda ɗaya kaɗai ya taɓa rubutawa, kuma ya san da waɗannan idanun ba zai sake wani ba. Na ce a ɗora akwatin kan kabad, ya ce hannunsa ba ya kai can. Aka aje masa shi a ƙasa wajen kansa, a ɗakin da ke jikin bayi.

Sai aka shiga tsuke bakin aljihu. Famfo ya ƙafe ƙaf, muka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Bayin Turawa kuwa ba ya aiki sai an tuttula masa bokiti. Matata ta riƙa auna ruwa kamar mai auna man gyaɗa.

Wata Juma'a cikin damina, ita ta tafi suna Dingyaɗi da yara, ni na riƙe hannun Baba zuwa masallaci. Ana sallama aka kece da ruwa, muka fake har bayan la'asar. Da muka dawo, tun daga ƙofa wari ya mare ni. Innalillahi! Bayi ya yi amai. Ƙazanta ta cika shi ta malalo, ta bi ta ƙarƙashin ƙofofi, baƙa ƙirin, har ta kai idon sawu. Na zaunar da Baba a barandar maƙwabci. Ni wallahi darduma da rediyona na tuna. Akwatin bai zo mini a rai ba sam.

Motar zuƙe masai da ake kira daga Sakkwato an ce ta lalace, babu kayan gyara. Aka samo mini masu yasar masai su uku, suka zo washegari da hantsi da bokitai da shebur da doguwar waya. Shugabansu wani dattijo ne gajere, mai ƙarancin magana. Suka ɗaure hanci da tsumma, suka buɗe ramin bayan gida, suka zuba kananzir don wari ya kwanta, suka yi ta kwasa suna kaiwa wani rami da suka haƙa nesa. Sannan suka fasa bututun da ya taso daga bayi.

Can sai dattijon ya yafito ni gefe, ya sa jikinsa ya kare wani bokiti. Ciki laka ce da 'yan duwatsu da tsingaro.

Ya ce, "Malam akawu, bututun dai ƙarami anka sa, ga rami ya sha ruwan sama. Amma wanga shi yat toshe shi. Akwai tsoho gidan ga?"

Nan take na gane. Hoge ne. Baba yana tsinto 'yan ƙulalan ƙasa da duwatsu yana tsarki da su, irin yadda ake yi a gona in babu ruwa, yana jefawa ciki kamar yadda ya saba jefawa a salgar ƙauye.

Dattijon ya rage murya. "Mu ga aikinmu, abin da munka gani cikin rami, cikin rami muke barinai. Ka aje mai ruwa kullum, ka yi shiru."

Ina ma na ji. Ni Allah Ya yi ni da saurin hawa, ga maƙwabta sun yi cirko-cirko suna toshe hanci, ga matan kwatas suna leƙe. Na fizge bokitin na dire shi gaban Baba, gaban kowa.

Na ce, "Baba, dubi abin da kay yi muna! Nan ƙauye na? Hoge cikin bayin Turawa? Ka kashe min gida, ka kunyata ni!"

Ya sunkuya ya ƙura wa bokitin ido, ya daɗe, don ba ya gani sosai. Sannan ya ce, "Ruwan nig ga saye akai. Nic ce in rage maku."

Ko rufe baki bai yi ba, ɗaya daga cikin masu aikin ya fito daga ɗakin Baba rungume da akwatin, ƙasansa na ɗiga. Dattijon ya wanke hannu har gwiwa, ya sake wankewa, ya ɗaga murfin. Sai ya ja da baya yana salati, ya ce shi ba ya iya taɓawa.

Najasa ta ratsa katako, ta ratsa jakar fatar da Alƙur'anin ke ciki, ta jiƙa takardun tun daga ƙasa har kusan sama. Sun manne da juna.

Baba bai yi kuka ba, ni na yi. Ya ce a kawo ruwa mai tsarki da babban daro. Na ce in an wanke ai tawadar za ta tafi, a bari su bushe mana. Ya ce maganar Allah ba ta kwana cikin najasa don a ceci aikin hannun wani. Ya yi alwala, ya zauna. Yana ɓamɓaro warƙa ɗaya ɗaya yana tsomawa, yana karanta abin da ke jiki da ka, rubutun na narkewa a yatsunsa. Masu yasar masai sun gama wanke ɗakuna da sabulu da toka, amma ba su tafi ba. Su suka haƙa rami mai tsabta a gindin wata bishiya inda ba a takawa, aka zuba ruwan, aka binne abin da ya rage na takardun.

Magana zarar bunu ce. Da na riƙe bakina, da Baba ya ɗauka ƙaddara ce kawai, ruwan sama da mugun aikin ɗan kwangila, ya yi haƙuri irin nasa. Ni na sa masa a rai cewa hannunsa ne ya jawo wa Littafin Allah ƙazanta. Wannan shi ke cina har yau.

Kwana uku ya ce in mai da shi Mandera. Na durƙusa na roƙe shi gafara, ya ce ban yi masa kome ba. Amma daga nan bai ƙara yarda ya ja salla ba, ko ta mutum biyu. In an zo neman addu'a sai ya tura mutum wurin wani.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi bayan girbi, ina zaune ina yi masa fifita, sai ya lalubo hannuna.

Ya ce, "Kai wanga, kana ganin za a yahe min?"

Na ce, "Baba, ba laihinka na ba. Wallahi bututun na ƙarami, mai aikin da bakinai ya hwaɗi."

Ya ce, "A'a. Ai ka gwada min bokitin."